Tayar Waje

Kawuna bakaniken gona ne, amma sunan da ya bi shi Tagwaye, don shi ke haɗa wa tarakta taya bibbiyu a baya. Ruwa na sauka ƙasa ta yi laushi, sai a ƙara taya ɗaya a kowane gefe don kada ta nutse. In za a shiga tsakanin kunya kuma a cire. Tayar nan ta kai masa kafaɗa, nauyinta kuwa ba a magana. Aikin mutum biyu ne: ɗaya ya ɗaga jak ya saita ramukan noti, ɗaya ya tallafe taya har noti ya kama.

Da ƙanensa suke yi, har ƙanen ya gaji ya kama gabansa. Mai gonar da yake wa aiki ya ce zai samo wani, har yau yana samowa. Kawu bai buɗe baki ba, don bayansa ya riga ya fara ciwo, yana tsoron a kawo mai jini a jika a ce shi ya je ya huta. Shi kuwa banda sufana bai iya riƙe komai ba, ko tsintsiya.

Sai matarsa, Inna, ta fara bin sa rumfar aikinsa da sunan kai abinci. Ta ajiye kwano, ta ɗaure zane tamau, ta sa kafaɗa a jikin taya.

"Malam, yi sauri, ni fa ba jak ba ce," in ji ta, tana dariya.

Damina biyu suna rufa wa juna asiri. A ta uku, yana kwance notin ƙarshe bayansa ya ƙage, sufana ta suɓuce. Tayar ta karkata.

"Saki! Ki matsa!"

Ba ta saki ba. Tayar ta kwanta mata a ƙafa.

Ranar kowa ya san wanda ke taya Tagwaye aiki. Mai gona ya zo dubiya, ya yi addu'a mai tsawo, a bakin ƙofa ya karɓi makullin rumfa. Har yanzu in na tuna addu'ar nan raina ɓaci yake yi.

Yanzu Kawu zaune yake a tsakar gida, in ya ji ƙarar tarakta sai ya shige ɗaki. Inna na jan ƙafa da sanda. Rannan ina jin ta tana miƙa masa ruwa.

"Malam, ka yafe mini. Da na riƙe da kyau, da kana bakin aikinka."