Delbert Mai Duba Ƙusa a Ƙofar Fita

Shekara ashirin da shida ke nan, wani baƙo ya fita daga sansaninmu na masu motar-gida a garin Yuma da ƙaramar motarsa ɗaure a bayan motar-gidansa, babbar motar da ake kwana a ciki, bai saki birkin hannunta ba. Mil tara ya ja ta, tayoyin suka kama wuta. Washegari Delbert Stroud, mai gyaran famfon sansanin, ya dasa kujera a bakin ƙofa. Ba wanda ya sa shi.

Tun daga nan, duk watan Maris, in zafi ya taso tsofaffin da suka zo gudun sanyi suka naɗe kaya za su koma arewa, Delbert na nan da sassafe. Ba mai wucewa sai Delbert ya durƙusa tsakanin babbar motar da ƙaramar. Ya girgiza ƙusoshin ƙarfen da ake jan ƙaramar da shi, ya ga sarƙa biyu a gicciye, ya leƙa ya tabbata giya na firi, sitiyari a sake. Sannan a matsa taku goma yana biye, yana kallon tayoyi huɗun suna juyawa.

Ba shi da fara'a, gaskiya. Orville Tackett, tsohon direban tirela, ya taɓa ce masa bayan shekara arba'in a hanya ba mai koya masa ɗauri. Delbert ya taɓa ƙusa ɗaya, ta zame a hannunsa, ya miƙa wa Orville.

"Riƙe, yallaɓai. A gangara za ta faɗi, motarka ta wuce ka, ta je ta gaisa da masu tahowa."

Maxine, matar Orville, ta leƙo ta taga. "Ai na faɗa maka, tsoho." Har yau tana aiko wa Delbert burodin ayaba.

Delbert, kai ne ƙofa marar kwaɗo da ba a tsallakewa. Waɗanda ka ceta a titi ba su ma san an cece su ba. Mun gode. Mu da muka rage, kowa ya koyi durƙusawa ya duba na maƙwabcinsa, ko zai sha baƙar magana.

Bana Delbert ya ajiye aikin, kuma ba tsufa ba ne. Wani mai sauri ya ga ya zarce ƙofa kaɗan, ya ja da baya, abin da ba a yi da mota a ɗaure. Delbert na durƙushe a tsakani. Ƙarfen ya lanƙwashe a kan hannunsa na dama. Mutumin ya isa gida lafiya da matarsa. Delbert ya bar yatsu uku a asibiti.