Kwan Fitilar Zaure

Nibras 'yar yayana ce. Tun tana rarrafe a gidanmu na Basra take bin wayar wuta da ido, don haka ba wanda ya yi mamaki da ta shiga jami'a ta duƙufa kan karatun zafi da lantarki da maganaɗisu. In ta kama lissafi, shayinta sai ya huce ba ta sani ba. Ubanta, Abu Karrar, ya ishi 'yan kasuwar kifi da labarinta, amma a gida maganarta ba ta shiga kunnensa.

Wuta biyu muke sha kamar kowa: ta gwamnati, da ta injin unguwa in waccan ta ɗauke. Wayarmu ta gwamnati ta cika kwancewa a kan turken lantarki. Yaya kuma sai ya jira a ɗauke, ya hau tsani ya ɗaure ta da hannu.

Nibras ce ta fara lura da kwan fitilar zaure. A layin gwamnati yake, amma da injin ya tashi sai ya yi ja kamar garwashi.

"Baba, makunnin wani gida ya lalace, wutar inji na komowa ta wayar gwamnati. Kar ka ƙara taɓa ta."

"Ji Injiniya! Ina ɗaure wayar nan tun uwarki ba ta san ni ba."

"Baba, wallahi..."

"In an ɗauke, an ɗauke. Je ki ji da jarrabawarki."

Ranar jarrabawar, ta ja ni gefe a bakin ƙofa. "Goggo, don Allah ki ɓoye tsanin nan." Na kai shi bayan tankin ruwa.

Da azahar aka ɗauke, gari kamar tanda. Sai ga Yaya da tsani a kafaɗa, yana min dariya. Na yi faɗa, na yi roƙo, a banza. Ya ce mai injin yana masallaci, kafin a sallame ya gama. Na tsaya a zaure, ya hau, ya naɗe wayar a tafin hannunsa.

Ashe mai injin bai je masallaci ba. Daga ƙarshen layi na ji injin ya yi tari, ya kama. Na kasa ɗaga kai. Kwan fitilar na zuba wa ido yana ja a hankali, ga Nibras can tana rubuta amsa.