Hambali da Saukar Balbela

A ƙauyenmu, nan gefen Kura, idan an gama bugun shinkafa samari kan tara karan a bakin kanal na ban ruwa ya yi tudu mai laushi, su yi ta alkafura a kai. Kowane tsalle fa da sunansa. Akwai juyin waina, mutum ya juya a sama ya faɗo kan ƙafafunsa. Akwai lanƙwasar tiyo, a lanƙwashe ta baya har hannu ya taɓa ƙasa. Ranar rufe wasa ana kiran sunayen ɗaya bayan ɗaya. Wanda aka kira ba a sami mai yi ba, shi ke nan an binne shi, ba a ƙara ambatonsa.

Rabin sunayen nan Hambali ne ya raɗa su. Manomi ne, gajere, ba ya son hayaniya. Tun yana saurayi ya ƙirƙiro saukar balbela: a taso a guje daga wancan gefen kanal, a juya sau biyu a saman ruwa, a dira kan kara hannuwa a buɗe, ba ko tangaɗi. Masu gwadawa duk a ruwa suke ƙarewa. Ban da Hambali, wani saurayi Mudassiru kaɗai ya iya, shi kuma ya koma Kano tuƙin adaidaita sahu.

To, bana da aka kira saukar balbela sai aka rasa mai fitowa. Aka sake kira. Sai ga Hambali ya miƙe, gemu duk furfura, yana naɗe wando.

Matarsa Kubra tana shiƙa a gefe, ta ajiye faifai ta ce, "Malam, kai da ko sallah sai ka dafa bango kake tashi?"

Wani saurayi ya ce, "Baba Hambali, mu shiga ruwa mu jira ka?"

Hambali ya tsallaka gada, ya ja da baya, ya yi bismillah.

Jama'a, ban taɓa ganin irin wannan ba! Tsohon nan ya tashi sama kamar ba nauyi a jikinsa, ya juya, ya sake juyawa, ya dira hannuwa a buɗe. Aka rasa mai tafi, sai salati kawai.

Ya daɗe a tsaye bai motsa ba, sannan ya ce, "Bana dai ba a binne ta ba. Kubra, zo ki kama ni, gwiwar ta ƙi."