Hamdiyya da Saitin da Ya Ƙi Jin Magana

A shekarar 2021 Malam Bala, sakataren ƙungiyar manoman masara ta Kiru, ya fara sanin Hamdiyya Abdulmumini. Ta sauko daga acaɓa, ta durƙusa ta gaishe shi, sannan ta tambayi inda soket yake. 'Yar Dangora ce. Ta yi karatun kwamfuta a Kano, ta dawo gida tana kiwon kaji da safe, da rana kuma tana rubuta manhaja.

Ita ta haɗa wa ƙungiyar manhajar rajistar manoma. Duk gyaran da ta yi, kwamfutar ofis kan ɗauko shi daga wani rumbu a intanet mai ajiye tarihin kowane canji. Kafin kwamfutar ta ɗauko sai ta duba shaidar rumbun, kada a ba ta jabu. Wannan dubawa saiti ɗaya ne, amsarsa e ko a'a.

Bayan shekara biyu, gab da damina, masu raba irin masara suka aiko da gwajin tsaro. Kwamfutar da ta faɗi, ba za a karɓi sunayen manomanta ba, kuma ranar Alhamis za a rufe. Ta ofishin ƙungiyar ta faɗi, domin ba ta duba shaidar rumbun. Manoma ɗari uku da goma sha biyu ke cikin rajistar.

Ranar Talata Hamdiyya ta buɗe fayil ɗin saiti, ta ga an rubuta e, kamar yadda ta bar shi. Ta goge, ta sake rubutawa. Kwamfutar dai ba ta duba komai.

"Baba, wani ya taɓa ta ne?"

Malam Bala ya jawo durowa, ya ɗauko littafinsa. Tun makarantar mishan aka saba masa rubuta duk abin da ya faru a ofis, da kwanan wata, da layin ja a ƙasa. Ya gyara tabarau ya karanta: "Bakwai ga Fabrairu. Jan rubutu ya fito a allon kwamfuta. Mai gyara ya ƙara layi ɗaya, ja ya ɓace. An ba shi shayi."

Hamdiyya ta yi dariya har da riƙe ciki. "Shayin ma ya shiga tarihi!"

Ta nemo layin. Umarni ne da aka rubuta wa kwamfutar kanta, wanda take karantawa da an kunna ta, kuma ya fi ƙarfin fayil ɗin saiti. Ya ce kada a duba shaida. Ta cire shi, sai ja ya dawo.

Malam Bala ya tuna shi ya kira mai gyaran. Ya sunkuya yana duban allon, sai idonsa ya kai kan kwanan wata a kusurwa.

"'Yata, yaushe muka koma 2010?"

Ashe ƙaramin batirin da ke riƙe agogon kwamfutar ne ya mutu. Da an ɗauke wuta sai kwanan watanta ya koma baya, ta ga shaidar rumbun ba ta dace da lokacinta ba, ta ƙi yarda. Tun farko gaskiya jan rubutun yake faɗa.

Hamdiyya ta tafi kasuwa wajen mai gyaran agogo, ta dawo da batir kamar kwabo, ta saka, ta gyara kwanan wata. Kafin la'asar kwamfutar ta ci gwajin, sunaye suka tafi, iri ya iso kafin ruwan shuka.

Ba ta gaya wa shugabannin ƙungiya wanda ya kira mai gyara ba. Sai daga baya Malam Bala ya ga abin da ta rubuta a tarihin rumbun, inda ake sa bayanin kowane gyara: "An dawo da duba shaida. Malam Bala ne ya gano matsalar."