Ƙwan da Mama ta riƙa kawo mini makaranta

A gidanmu, can wani ƙauye tsakanin Kafur da Malumfashi, ba a bikin Ista sai da rinannen ƙwai. Kakarmu ce ta koyo a wurin matan mishan, Mama kuma ta zo ta fi ta iyawa. Tun ana saura wata guda take hana kowa taɓa ƙwan kajinta. Ranar Asabar sai a ɗora tukwane uku: ta ɓawon albasa mai ba da ruwan goro, ta karan dafi mai ja wur, da ta zoɓo, wanda duk jansa sai ya fito da wani shuɗi mai duhu. Mu yara mukan manna ganyen zogale a jikin ƙwan, mu naɗe da tsumma, mu ɗaure tamau. In ya dahu aka kwance, sai ga zanen ganyen ya fito fes.

Shekarar da na shiga makarantar kwana ta 'yan mata a Funtuwa, Ista ta same ni a can. Ranar ziyara Mama ta zo da langa cike da ƙwai. Tana tafiya na buɗe a ɗakin kwananmu, ina ta rawar kai. Wata yarinya mai shegen baki ta leƙa, ta ja da baya, ta ce ita dai ba ta taɓa ganin jan ƙwai ba sai irin wanda boka ke sa a yar a mararraba. Ɗaki ya kwashe da dariya. Ni da ba a kayar da ni a magana, ranar sai na ɓige da ƙarya. Na ce wata tsohuwa ce maƙwabciyarmu ta aiko, ni ma ban san na mene ne ba. Na ɗauki langar na juye a masai.

Da hutu Mama ta tambaye ni ko ƙawayena sun so shi. Na ce ai wawashewa suka yi. Wannan ƙaryar ce ta ja mini. Duk shekara sai ta ƙaro, har ta daina barin kajinta su yi kwanci, wai kada wata a cikin ƙawayena ta rasa. Ni kuwa ina karɓa da godiya, ina kaiwa masai.

A shekarar ƙarshe Mama ta tarar da ni zaune da yarinyar nan mai shegen baki, wadda a lokacin ta zama aminiyata. Bayan sun gaisa Mama ta ce, "'Yata, wanne kika fi so, na albasa ko na karan dafi?"

"Na me, Mama?"

"Ƙwan mana."

Ƙawata ta kalle ni, Mama ma ta kalle ni. Ni dai ƙasa nake kallo, kunya kamar ta kashe ni. Mama ta gyara ɗankwalinta, ta shiga tambayarmu yadda karatu yake.

Ba ta taɓa ɗaga maganar ba, ni ma na kasa. Istar da ta biyo baya ina gida. Da aka zo rabo, ƙannena kowa ya ɗauki nasa, wani ja, wani shuɗi. Sai ta miƙo mini guda biyu farare a faranti daban, ta ce, "Ga naki. Ban sa musu komai ba."