Da Dama Ake Farawa

Irin albasa nake sayarwa a Illela, kuma ba na son aiki ba tsari. Shi ya sa da ƙanena, wanda ke aikin ofis a Sakkwato, ya ce zai buɗe mini shafi a intanet, na je na zauna kusa da shi har ya gama. Allon kwamfutarsa ya kusa faɗin taga. Da farko ya sa sunan shago. Sannan hoton gwangwani biyu a jere, ja a hagu, kore a dama. Daga ƙarshe na ce ya rubuta: na dama irin rani ne, na hagu irin damina. Na duba, na gamsu.

Akwai wani dattijo mai lambu a bakin tafkin Kalmalo, tun zamanin mahaifina a wurinmu yake sayen iri. Wata Alhamis na dawo daga Tozai, maƙwabcina da ya tsare mini shago ya ce dattijon ya zo, ya nuna hoto a waya, ya ɗauki jan gwangwani. Lokacin shukar rani ne. Wannan iri ya fi son damina. In ya yafa shi, lawashi zai samu ba kai, shekararsa ta tafi.

Na kira wayarsa, ba ta shiga. Na hau babur.

Na iske ya gyara fangalin shuka sarai, gwangwanin yana gindin bishiya ba a fasa ba. Injin ban ruwansa ne ya ƙi tashi tun safe, shi ya hana shi yafa irin. Ban taɓa jin daɗin lalacewar inji kamar ranar ba.

Bayan gaisuwa na tambaye shi dalilin ɗaukar ja. Ya miƙo mini wayar. A ƙaramin allo hotunan ba a jere suke ba, ɗaya ya hau kan ɗaya: ja a sama, kore a ƙasa.

“Alhaji, mi kake so in yi? Wayata ba ta da dama da hagu,” in ji shi. “Da dama muke cin tuwo, da ita muke shiga masallaci, daga dama nake fara karatun ajami. Na ce wanda ya zo farko shi ne na dama.”

Na karɓi ja, na ba shi koren da na ɗauro a babur. Ya ce tunda na zo in taya shi jan igiyar inji. Na ja, bai tashi ba.

Washegari ƙanena ya goge dama da hagu, ya rubuta RANI da DAMINA a jikin kowane hoto. Ya ce in zo in gani a kwamfuta. Na ce a'a, manomana ba su da ita. Na duba a wayata, sannan a ta maƙwabcina, mai tsagaggen gilashi. Duka biyu sun fito daidai.

Ranar Asabar, da injin ya tashi, dattijon ya yafa irinsa.