Gefen Hagun da Sabi'u Bai Cike Ba

Shekara bakwai ke nan da rasuwar aminina Injiniya Sabi'u a nan Doha. Kullum ina cewa bana zan rubuta wani abu a kansa, sai aikin asibiti ya cinye ni, in dawo gida ko takalmi da ƙyar nake cirewa.

A ƙasar Sin Sabi'u ya yi karatu, a can kuma wani dattijo ya koya masa rubutunsu na buroshi da tawada. Ranar Juma'a in mun sauko daga masallaci na bi shi gida Ain Khaled, sai ya shimfiɗa farar takarda a teburin cin abinci. Manyan haruffan ba sa ba shi wahala. Inda yake daɗewa shi ne siririn layin da ake saukarwa a gefen hagu, mai ɗauke da sunan wanda aka yi wa rubutun, da lokacin, da sunan marubuci, sannan a buga jan hatimin dutse a ƙarƙashi. Yakan tsaya yana auna wurin da ido har shayinmu ya huce.

"Likita, in sunana ya yi girma, na yi wa rubutun rashin kunya," in ji shi. "In ya sauka ƙasa da yawa, takardar duk ta karkace."

Ciwon zuciya ne ya ɗauke shi a wurin aiki. Iyalinsa suka koma Zariya da takardarsa ta ƙarshe, addu'ar zaman lafiyar gida da ya rubuta wa 'yarsa Rukayya. Gefen hagunta fari fat.

Bana Rukayya ta dawo Doha da aikin haɗa magunguna, ga aurenta ya matso. Ta kawo mini takardar da hatimin.

"Baffa, ka buga masa."

Ban san ka'idar ba, sai na kai ta Sanaiya, unguwar masana'antu, wurin Mista Lin, Basinen da suka yi aiki tare da mahaifinta. Ya daɗe yana duba rubutun, sannan ya tura mata hatimin gabanta. Ya ce duk wanda ya ga jan nan zai ɗauka Sabi'u ya gama ya gamsu, alhali ba mu sani ba ko so yake ya sake. Amma wanda ya shaida yana iya rubuta shaidarsa a gefe, da sunan kansa.

"Ai mahaifina ne," ta ce. Ta naɗe takardar, muka koma gida.

Bayan wasu kwanaki ta kira ni. Ta yi rubutun a gefen takardar da buroshinsa, da Hausa, haruffan sun ɗan karkata: Babana Sabi'u ne ya rubuta mini, bai kai ga sa hannu ba. A ƙasa ta sa sunanta da ƙananan haruffa.

Ina tunanin me zai ce da ya ga shagunan Al Mirqab yanzu, inda inji ke buga irin wannan rubutu, har da hatimin, kowane kwafi iri ɗaya. Ina jin ba zai yi faɗa ba. Zai dai tambayi mai shagon sunan wa ke jiki, mai shagon ya ce bai sani ba.

Abin da ya rage nasa ba shi da yawa. Sauran takardun danshi ya ɓata su. Abokanmu sun watse, wasu sun koma gida, wasu sun bi shi. Muryarsa ma ta fara kuɓuce mini. Akwai dai takarda ɗaya a bangon ɗakin amarya, da 'yar da ta haƙura da abin da ranta ke so don kada ta faɗi abin da ubanta bai faɗa ba.

Kwantiragina zai ƙare baɗi, kuma na gaji, gida nake so. A nan aka binne Sabi'u. In na tafi, Rukayya ma mijinta ya ɗauke ta, ban san wa zai riƙa tsayawa a kabarinsa ya yi masa addu'a da Hausa ba.

Allah Ya jiƙansa, Ya sa ya huta.